Memorin lafiya lau yake, wurin zama ne ya yi kaɗan

Sani, zo zauna in ba ka amsar tambayarka ta safe tunda aiki ya lafa. Ka ce tsohuwar kwamfutar nan mai furosesa 386 da aka kawo gyara tana da memori har megabait 4, amma da ka kunna manhajar lissafin da ke kanta sai ta ce wuri bai isa ba, har kana shirin zare memorin ka sa wani. Kar ka taɓa shi, ƙalau yake.

Abin daga tushe ne. Da IBM ta fito da kwamfutarta PC a 1981, furosesan Intel 8088 ta sa mata, shi kuwa layukan adireshinsa 20 ne kacal, ba ya ganin abin da ya wuce megabait 1. Cikin wannan ɗan abin aka yanke kilobait 384 na sama aka bar wa allo da BIOS (manhajar da ke tada na'ura) da katunan da ake soka wa na'ura, saura kilobait 640. A nan DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ke zaune, a nan manhaja ke aiki. Ko da aka samu furosesa 286 mai ganin megabait 16, DOS bai sake hali ba. Kamar shagon nan ne: sito a baya cike da fili, amma duk aiki a kan benci ɗaya ake yinsa.

To su wa suka cinye bencin? DOS manhaja ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, sai masu dabara suka ƙirƙiro ƙananan manhajoji da ke shiga su ƙi fita, suna jira a danna maɓalli su leƙo, irin SideKick na Borland da ya fito a 1984. Ga direban maus, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, ga na CD, ga na katin netwok. Kowa ya shimfiɗa tabarmarsa, mai gida ya zo ya rasa inda zai sa ƙafa. Masu manhajar lissafi Lotus 1-2-3 ne suka fi jin jiki, shi ya sa a 1985 Lotus da Intel da Microsoft suka kawo EMS, wata 'yar taga ta kilobait 64 da ake miƙo kaya ta cikinta daga sito.

Yanzu buga MEM /C ka ga kowa da abin da ya ci. Sannan ka buɗe CONFIG.SYS, fayil ɗin da DOS ke karantawa in yana tashi, ka rubuta: HIMEM.SYS mai buɗe sito a farko, EMM386 mai samo guraben da babu kowa cikin kilobait 384 ɗin nan a bayansa, sai DOS=HIGH,UMB don DOS ya tashi daga kan benci, in dai DOS 5.0 ne ko sama. A ɗan uwansa AUTOEXEC.BAT ka tura direbobin sama cikin guraben nan da umarnin LOADHIGH, babba kafin ƙarami.

Amma fara kwafe fayilolin biyu a fulofi mai tada na'ura. Ni na taɓa yin gaggawa, EMM386 ya hau adireshin katin netwok, na'urar ta daskare tun kafin ta gama tashi, na kai har bayan isha'i mai ita na tsaye a kaina. Fulofin yana durowar ƙasa, ɗauko shi.