Amsa ga mai a-kori-kurar da ke tashi yau, gobe ta ƙi

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka game da a-kori-kurarka mai shan man dizal, wadda ka ce wata rana tana tashi da murɗa makulli sau ɗaya, wata rana kuma sai dai ka ji "ƙas" ta yi shiru, alhali batirinka sabo ne, kuma duk ranar da ka kai ta gareji sai ta tashi lafiya lau a gaban bakanike. Na yi kusan shekara guda ina fama da irin wannan a motar da nake ɗauko hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, saboda haka zan gaya maka abin da na koya da aljihuna.

Shawarata ta farko ita ce ka dakata da sayen kaya. Matsalar da ke zuwa ta tafi ba a gano ta sai a daidai lokacin da ta zo, domin idan motar tana tashi, duk abin da mai wayarin ya auna zai nuna lafiya, daga nan sai a koma canki-canki da kuɗinka. Ka sayi ƙaramar mitar auna wuta da wayar jona batir, ka ajiye su a cikin motar.

Ranar da ta ƙi, kunna fitilun gaba kafin ka murɗa makulli, ka sa wani ya tsaya yana kallonsu. Idan sun dushe sosai ko sun mutu, wutar ce ba ta isa, ko dai batirin ya yi rauni ko kuma akwai mahaɗar da ta saki. Idan kuwa suna nan da haskensu amma sitata bai motsa ba, to umarnin tashi ne bai kai gare shi ba, ko kuma shi kansa ne ya gaza. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, kuma yana raba maka hanya biyu.

Abin da ya sa motar dizal ba ta haƙuri da ƙaramar matsalar waya shi ne injinta yana matse iska ninki 16 zuwa 22, na fetur kuwa wajen ninki 10 ne, don haka sitatan dizal yana jan ɗaruruwan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke ratsa waya) kafin ya juya injin. Mahaɗar da ta yi tsatsa za ta iya kunna rediyo da fitila da ham ba tare da ta nuna komai ba, amma da zarar an nemi amfiya 300 ta ratsa ta, sai ta cinye bolt (ma'aunin ƙarfin wuta) biyu ko uku a hanya, abin da ya isa sitata kuma ba zai juya injin ba. Shi ya sa duk awon da aka yi ba a lokacin murɗa makulli ba, ni ba na dogara da shi. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, idan ya nuna 12.2 rabin cajinsa ya tafi, lokacin da ake tayarwa bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba, idan injin yana aiki kuma ya kasance tsakanin 13.8 da 14.4, wanda ke nuna altaneta yana caji.

A tawa motar, sai da na canja batir, na kuma canja sitata, duk a kan hasashe, ba ta daina ba. Wata ranar kasuwa da yamma, na riga na ɗora buhuna, ta ƙi tashi, sai wani dattijon direban tirela da ke kusa ya karɓi wayar jona batir ɗaya tak, ya maƙala bakinta guda a kan batir na baƙar waya, ɗaya bakin a jikin ƙarfen injin, ya ce in murɗa. Nan take ta tashi. Ashe babbar baƙar wayar nan da ke haɗa batir da shasi da injin ce ta ruɓe daga ciki. Daga waje robarta sumul, amma da aka tsaga ta kusa da bakin sai ga koren tsatsa, rabin silin tagullar sun tsinke. Ranar da girgizar hanya ta matse ragowar silin sai wuta ta wuce, ranar da ta sassauta su sai motar ta yi shiru. Kuɗin wayar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na riga na kashe ba, kuma har yau idan na tuna tsohon sitatan da na bari a gareji kyauta sai raina ya sosu.

Ka yi wannan gwajin, sannan ka tabbatar da shi da mita: bakin mita guda a kan dalmar batir ta ɓangaren baƙar waya ita kanta, ba a kan maƙalin ba, ɗaya a jikin injin, wani ya murɗa makulli. Abin da ya wuce bolt 0.3 ya yi yawa. Haka za ka yi wa jar wayar, daga batir zuwa babban notin sitata, inda bai kamata a rasa fiye da 0.5 ba. Idan za ka wanke kan batir, fara cire baƙar waya, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Ruwan zafi da ɗan kanwa yana cire farin garin nan da ke taruwa a kan batir, sai ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam, sannan ka shafa giris a sama. Kada ka yarda a cusa ƙusa ko guntun gwangwani don a matse maƙalin da ya buɗe, a sa sabo.

Idan wayoyin sun fita lafiya, "ƙas" ɗin da kake ji yana nuni ga solanoyid, wato makunnin lantarkin da ke kan sitata. A cikinsa akwai tagulla biyu da ke haɗa babbar wuta, kuma kowane tashi yana ɗan ƙona su har su zaizaye, shi ya sa takan kama a murɗawa ta huɗu ko ta biyar. A wasu sitatocin ana canja su kaɗai ba sai an sayi sitata ba. Idan kuma ɗan bugun jikin sitata da sifana yana sa ta tashi, sau da yawa burushinsa ne ya ƙare. Bugun na iya kai ka gida sau ɗaya, amma kada ya zama ɗabi'a, domin wasu sitatocin akwai maganaɗisu a ciki da ke fashewa. Kafin a sauke shi, a auna siririyar wayar da ke shiga solanoyid lokacin da aka murɗa makulli. Idan wuta ba ta zuwa, a bi ta baya: rile (ƙaramin makunnin lantarki), fis, mazaunin makulli, da kuma ɗan makunnin da ke hana mota tashi sai giya tana firi, ko sai an taka kuloci a motocin da ke da shi. Rile yana da sauƙin gwaji, sai ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin fis.

Ba ka ce injin yana juyawa ya ƙi kamawa ba, amma idan hakan ta faru, magana ta canja. Tsofaffin injuna masu famfon injekta suna da ƙaramin solanoyid da ke buɗe wa mai hanya, kuma idan wayarsa ta yi sako-sako injin zai yi ta juyawa a banza. Sababbi masu kwamfuta ba sa fesa mai sai sun samu saƙo daga na'urar da ke karanta juyawar kiranshaf, kuma wannan na'urar takan gaza idan ta yi zafi, ta dawo idan ta huce. A nan sai an jona na'urar bincike tun kafin a cire batir. Idan kuwa da sanyin asubar hunturu kaɗai take gardama, a duba hita, wato abin da ke ɗumama cikin injin dizal kafin ya tashi, da rilensa.

Duk gwajin da za ka yi, giya ta kasance a firi, birkin hannu a ja, a sa dutse a taya, kuma kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 ba tare da ka bar sitata ya huce ba. Ka riƙa rubuta ko injin da zafi yake ko da sanyi a duk ranar da ta ƙi, da abin da fitilu suka yi, da lambar da mita ta nuna, ka turo mana nan mu duba tare. Allah Ya sa a dace.