Tambaya da Amsa: Zan iya ƙara wa bafil ɗina batiri na biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai shayi ne a Sabon Gari nan Damagaram, ina da ɗan bafil mai kart memwar da nake kunna wa'azi da labarai a tebur, to batirin nasa baya kai ni ko sha ɗayan dare, ga kuran lokacin zafi in ya tafi sai ta Allah. Wani yaro yace in samo batiri na biyu a jona masa wai zai kwana yana yi. Gaskiya ne ko ƙona mini kaya zai yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin magana dai ya faɗa maka.

In aka kwance bayan bafil ɗin yawanci zaka ga batiri dogo mai kaurin babban yatsa, shi ake kira 18650, irin batirin da ake ce wa lithium ne, ƙarfinsa volt 3.7, in ya cika fal ya kai 4.2. Jonawa iri biyu ce. In aka haɗa kai da kai, gindi da gindi, wato plus da plus, volt ɗin na nan yadda yake, cikin ne ke ƙaruwa, mai 2000 mAh (shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa) guda biyu sun zama 4000 kenan, wannan kake so. In kuwa aka jera su kai da gindi irin na tocilan ɗin da, volt ya koma 7.4, kana kunnawa sai dai ka ji ƙauri, shikenan an yi sallama da bafil.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne haɗa sabo da tsoho, ko cikakke da wanda ya sauka. Cikakken zai juye wuta cikin ɗan uwansa da ƙarfi ba birki, waya tayi zafi, ni da idona na ga robar waya ta narke a hannun wani mai gyara ya yar da ita yana salati, kuma lithium in ya kama wuta ba wasa bane wallahi. Don haka ka sayi biyu sababbi iri ɗaya, tsohon ka barshi ya huta, a auna su da mita, kar tazararsu ta wuce volt 0.1 kafin a jona. Kuma a sa su cikin ɗan gidansu na roba maimakon a ɗora ƙarfen dalma kan batirin, zafi na lalata shi.

Waɗanda aka rubuta wa 9900 mAh kuwa ka wuce su kawai, na gaskiya iyakarsa wajen 3500 ne, ka ɗaga ma zaka ji na jabun sakayau.

Sharji zai riƙa ɗaukar kusan ninki biyu na lokaci, kar kace ya lalace. Sannan zafin Afrilu da Mayu nan garin ya wuce digiri 40, kai kuma ga gawayi a gefe, don Allah ka nisanta shi da murhu.

Af, in ka buɗe ka tarar da batiri baƙi mai kusurwa huɗu na volt 4, wannan na asid ne, ba'a gama shi da lithium sam. Ranar da zaka Kasuwar Dole ka tafi da bafil ɗin gaba ɗaya, mai gyara ya auna a gabanka.