Ni ma sun ce Ilu ya mutu, gawarsa nake ja

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena mai tambaya, tun bayan Isha'i na ga saƙonka, na fara amsa na goge har sau 2, don ka fama mini tsohon miki. Ka ce shekara 4 ke nan kana fitar da labarin zanenka na mai shayi duk Juma'a. Da can kafin ka aje salula sharhi ya cika, yanzu sai a wuni mutum 20 ba su leƙo ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka rage gori kawai suke maka, wai labarin ya yi tsami, wai kana jan shi kamar roba. Kana tambaya ka daina ne, ko ka ci gaba, ko ka toshe masu sukar. Wallahi da an ce mini ni na rubuta wannan tambayar a 2023 ba zan musa ba.

Tsofaffin zauren nan sun san Ilu Kabu-kabu, labarin zanena na wani mai ɗaukar fasinja a moto, ba sai na maimaita ba. A 2017 na fara shi da biro da takarda, in ɗauki hoto da salula in ɗora a Facebook. Lokacin korona, 2020, da aka rufe lakwal yara suna zaune gida ba abin yi, a nan ya yi tashe. Fitowar da Ilu ya ɗauko tsohuwa daga Tibiri da akuyarta a tsakiya, akuyar ta cinye masa takardun moto kafin su iso gari, har 'yan ci-rani da ke Libiya da Aljeriya sun turo mini saƙo a kanta. Mutanen Damagaram, Tawa, Katsina, kowa Ilu. Kai na ya yi girma a lokacin, ba zan ɓoye maka ba.

To bari in gaya maka wanda ya fi yi mini ciwo, don ba baƙo ba ne. Yaro ne da na jawo jikina. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. Ni na koya masa yadda ake raba shafi gida-gida, ni na nuna masa manhajar zane ta ibisPaint a salularsa, ni na sa shi cikin masu kula da shafin Ilu. Sau nawa na sa masa forfen intanet da kuɗina? Sau nawa ya ci tuwo a gidana, iyalina tana ce masa ƙanen miji? Da ɗan gari akan ci gari, ban san ma'anar maganar nan ba sai a kansa.

Kun tuna watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Nijeriya ta yanke mana kuran aka kuma rufe iyaka. Kowa ya san yadda muka sha a Maraɗi. Ni a lokacin na koma zane a tablet, sai in kai ta wurin mai caji da sola in biya dala 20, in dawo ta yi mini awa 3 ta mutu. Aikin allunan shaguna da nake ci da iyali da shi ma ya tsaya, wa zai rubuta allo alhali kaya ba sa shigowa? Sati 3 ban fitar da Ilu ba. Kuma shi yaron nan ya san dalili, yana zuwa gidan yana ganin halin da ake ciki.

Wata ranar Asabar da dare na je fadarmu a unguwar Zariya. An sha shayi na farko, ana jiran na biyu. Wani daga cikinmu ya ce, kai kun ji wannan vokal ɗin da ke yawo? Ya danna ya aje salular a kan tabarma. Har yau ban sani ba ko ya san ni ake nufi ko bai sani ba, na fi son in ɗauka bai sani ba. Muryar yaron nan ce. Minti 7 yana magana, yana dariya, ana jin wasu a bayansa suna taya shi. Ya ce Ilu ya mutu tun 2021, gawarsa ce mai shi yake ja mana a titi. Ya ce ko makaho ya san abin da zai faru a kowace fitowa, Ilu zai ɗauki fasinja, su yi faɗa a kan canji, ya faɗa kwata. Ya ce ba kuran ce ta hana ni zane ba, kai ne ya ƙafe. Har ya kwaikwayi yadda nake magana, ni da in'ina take ɗan kama ni idan raina ya ɓaci. Wannan ɗin ne ban yafe ba. Sukar zane daban, in'ina kuma Allah ne ya yi ni da ita.

Fada ta fashe da dariya, sai kuma aka yi tsit a lokaci guda da aka tuna ina zaune. Mai dafa shayi ya miƙo mini kofi bai kalle ni ba. Na karɓa, hannuna yana rawa har ya zubo mini a riga. Na shanye don kada a ce na ji haushi, na ce da su ina da sammako. A hanya na wuce kwanar gidanmu ban sani ba, sai da na kusa kai Ali Ɗan Sofo na farga na juyo. Mutum mai 'ya'ya 3, a kan moto da dare, hawaye na zuba saboda zanen ɗan kabu-kabu. Ka yi dariya idan ka so, ni ma yanzu ina yi.

Kuskuren da na yi, kuma ina roƙonka don Allah kada ka yi shi: ƙarfe 2 na dare na ɗauki salula na rubuta raddi a shafin. Na zage shi, na haɗa da duk wanda ya taɓa cewa labarin ya gundure shi, na ce kyauta nake ba su, wanda bai so ya kama gabansa. Da asuba na goge, amma ina, an riga an ɗauki hotonsa ana yawo da shi. Mutanen da ba su taɓa jin vokal ɗin ba ta bakina suka ji labarinsa, suka je suka nemo. Wata baiwar Allah da ke bin Ilu tun fitowa ta 5 ta rubuto mini ta bayan fage ta ce, Malam ni ban zage ka ba, na ce ne kawai ka aurar da Ilu, amma tunda ka ce mu kama gabanmu na kama. Ba ta sake dawowa ba. Ita ce asarar da na fi ji.

Don haka maganar toshewa da ka yi, ga yadda nake gani. Wanda ya zagi iyayenka ko ya taɓa halittarka, toshe shi ko sallama kada ka yi masa. Wanda ya ce labarin ya yi tsami kuwa, wannan har yanzu naka ne. Ya ɓata megarsa ya karanta, ya ɓata lokaci ya rubuta. Waɗanda suka tafi da gaske ba sa cewa komai.

Abin da ya fi ɗaci shi ne, bayan wata 2 iyalina ta ce mini, to kai ka taɓa zama ka karanta abin naka tun daga farko? Na ce ni na rubuta, me zan karanta. Ta ce ka dai karanta. Na zauna kwana 2 na bi su, sun kusa 300. Ilu ya faɗa kwata sau 14, na ƙirga. Shekara 6 yana zance wurin mai awara guda, bai kai ko goron tambaya ba. Yaran da suka fara karanta shi suna koleji sun ci bak, wasu suna Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wasu sun yi aure har da goyo, shi kuwa Ilu yana nan da rigarsa guda da bashinsa guda. Kuma duk watannin da iyaka take rufe, kowane ɗan kabu-kabu a garin nan maganarsa tsadar shinkafa da hanyar Ɗan Isa da Jibiya da ta mutu, Ilu nawa ko sau ɗaya bai ambaci abin ba. Ka san dalili? Tun 2021 na sayi motona. Na daina hawa bayan 'yan kabu-kabu, na daina jin hirarsu. Ina zana su ne daga abin da na tuna. Shekarar da yaron nan ya ambata ke nan daidai. Ya yi rashin mutunci, amma lissafinsa bai kuskure ba, kuma rubuta wannan layin ma sai da na cije.

Kai yaushe rabonka da zama a teburin mai shayi na gaske, ba don ka sha ba, don ka ji? Ka je tasha da asuba ka zauna, ka sayi shayi da burodi, ka rufe bakinka. Sati 2 kawai. Mai shayin 2020 ba shi ne na yanzu ba, kuɗin sukari da madara sun canza, masu cin bashi sun canza, har abin da ake gardama a kai ya canza.

Amma kada ka ɗora wa kanka laifin duka. Wata rana a babbar kasuwa wani ya tare ni ya ce, Malam ashe ka daina Ilu? Alhali ko jiyan ranar na ɗora sabo. Bai gani ba ne kawai. Facebook ba ya nuna wa duk masu bin shafi abin da ka ɗora, kuma tun da suka kawo Reels wajen 2022 bidiyo suke turawa gaba, hoto mai rubutu yana can ƙasa. Ga TikTok ya kwashe yara. Mutum zai kalli rawa 10 a lokacin da zai karanta gida 6 na zanenka. Ni da WhatsApp suka fito da tashoshi a ƙarshen 2023 na buɗe ɗaya, kuma ina sa fitowar a status. Mutanen ba su kai na da ba, amma aƙalla wanda ya shiga yana gani. Kuma ka ƙara girman rubutun cikin zanen, don Allah. Na leƙa naka ɗazu, a ƙaramar salula sai an ja hoton kafin a karanta, dattawa ba za su yi wannan wahalar ba.

Af, kada in manta. Lambar sirrin shafinka kada ka ba kowa, ko ɗan ɗakinku ne. Ni da na tashi cire yaron nan daga masu kula da shafi sai da gabana ya faɗi, don da ya riga ni da shi zai cire ni. Allah ya tsare.

A kan ko ka daina, ba tsawon labari ne ke kashe shi ba. Yaran nan masu son One Piece, labarin zanen nan na Japan, za su gaya maka tun 1997 ake yin sa, ya wuce babi 1000 a 2021, su ma suna ƙorafi amma suna biye, don sun san akwai inda aka nufa. Akwai kuma Ba'amurken nan mai labarin zanen Calvin da Hobbes, shekara 10 ya yi, ya aje alƙalami a ƙarshen 1995 ana tsakiyar son abin. Kowannensu ya san inda za shi. Ni ban sani ba, duk Alhamis da dare nake tambayar kaina me Ilu zai yi gobe, shi ya sa yake ta faɗawa kwata. Kai ka san yadda labarin mai shayinka zai ƙare? Idan ka sani, ci gaba, ko mutum 20 ne. Idan ba ka sani ba, ka faɗa wa mutane za ka huta wata guda, ka faɗa musu ranar dawowa, kada ka ɓace shiru kamar yadda na yi.

Ni dai abin da na yi, a 2024 na sanar cewa saura fitowa 12 Ilu ya ƙare. Na sa aka sace masa moto, na gaske, ba mafarki ba. Ya koma tura baro a kasuwa, mai awara ta tsaya masa, aka ɗaura aure ba ko kujera a ɗakin. Wasu tsofaffin masu karatu sun dawo, har da masu faɗa da ni wai na cika mugunta. Da yawa ba su dawo ba, kuma ba su da laifi, rayuwa ta yi gaba da su. Ranar da na zana ta ƙarshe na kasa cin abinci.

Shi kuma yaron nan mai vokal ya danna wa fitowar ƙarshe alamar so. Bai ce komai ba. Mun haɗu a wani suna a Bagalam kwanakin baya, ya miƙo hannu na ba shi, ya ce Yaya ina wuni, na ce lafiya. Iyakarta ke nan. Iyalina tana ta cewa in bar wa Allah, wai yaro ne. Yaro mai shekara 27? Na ji yanzu ya fara nasa labarin zanen, ban duba ba. To, na duba sau ɗaya. Hannunsa ya yi kyau, ba laifi, amma duk mutanensa hanci ɗaya gare su.

Ka turo mini fitowa 10 na ƙarshe da 10 na farko ta bayan fage, in aje su gefe da gefe in gaya maka abin da na gani, idan za ka iya jurewa. Amma kada ka jira amsa gobe da safe, ina da allon wani kanti da zan rubuta a Sabon Gari, mai shi ya ba ni rabin kuɗi tun satin jiya.