Ga ɗan'uwanmu na Marwa: ka ɗauki gilashin, ka bar masa duwatsunsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin maganar da aka faɗa maka ita ce aka faɗa mini ranar da na sayi nawa. Ka ce tankin kifin teku ne na gilashi mai cin lita 250, mai shi zai tashi daga Marwa, zai haɗa maka da duwatsu da yashi da fitila da injin tura ruwa, har ya ce maka komai lafiya lau, ruwa kawai za ka zuba. Kana so ka san ko ka saya, da kuma lokacin da za ka fara sa murjani, wato halittar tekun nan mai rai da ke manne wa dutse.

Ka sayi gilashin idan bai yoyo. Duwatsun da yashin kuwa, don Allah kada ka karɓa ko da kyauta ne, sai idan da idonka ka ga murjani ko dodon koɗi na rayuwa a kansu yanzu haka.

Ni a nan Garwa na sayi nawa, hannun wani bawan Allah da ya zo da shi daga Duwala. Ba baƙo ba ne, muna haɗuwa a masallaci, muna gaisawa har da tambayar iyali. Na dube shi na tambaye shi ko ya taɓa zuba maganin jan ƙarfe, wanda ake yi wa kifi magani da shi, a tankin, ya rantse bai ma san wannan magani ba. Na kai gida, na haɗa ruwa, na jira fiye da wata har amoniya da nitirit, gubar da ruɓaɓɓen abinci da kashin kifi ke sakewa a ruwa, suka sauka sifili. Na sa aka turo mini kifi da murjani da dodon koɗi da jatan lande ta jirgi daga Duwala, kun dai san abin da wannan ke ci a aljihu. Dodon koɗin su suka fara faɗowa daga jikin gilashi, suna kwance ba motsi. Jatan landen ya bi su. Sai murjanin ya rufe, ya ƙi buɗewa, ya fara narkewa kamar majina, ɗakin ya ɗauki wani wari da har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Kifayen kuwa garau, suna cin abinci, suna yawo abinsu. Wannan shi ya fi rikita ni. Na auna gishiri daidai, na auna zafi daidai, na yi ta canjin ruwa har buhun gishirin da na yi tanadi don rabin shekara ya ƙare. Da dare in tashi da tocila ina leƙe. 'Yata ƙarama, wadda ita ke ba su abinci kafin ta tafi makaranta, tana tsaye a bayana tana tambaya, "Baba, me ya same su?" ni kuwa ba ni da abin ce mata.

Daga baya yaron da ke wanke wa mutumin tanki ne ya gaya mini gaskiya a bakin kasuwa. Ya ce akwai lokacin da kifayen suka yi cutar farin ɗigo, maigidan ya riƙa zuba wani shuɗin magani, komai da ke ciki ya mutu ban da kifi, shi ya sa ma ya gaji ya sayar. Na je na same shi. Ban nemi ya mayar mini da kuɗi ba, so nake ya ce dai ya yi kuskure. Ya dube ni ya ce, "Ai ka gani ka saya." Ya san abin da zan zuba a ciki, na gaya masa, har hotunan murjanin na nuna masa a waya yana cewa masha Allah. Da ya faɗa mini gaskiya da na sayi gilashin a haka, ko ragi ba zan nema ba. Muna haɗuwa har yanzu, ina amsa sallamarsa, amma abin bai bar raina ba, na bar shi da Allah.

Ka gane yadda abin yake: kifi na jure jan ƙarfe kaɗan, shi ya sa ake masa magani da shi, wajen miligiram 0.2 a lita. Murjani da dodon koɗi da jatan lande kuwa abin da bai kai haka ba nesa ma yana kashe su. Dutse da yashi suna shanye shi, su riƙa sakinsa a hankali cikin sabon ruwanka, komai yawan canjin da ka yi. Gilashi yana wankuwa. Ka jiƙa shi da farin khal da ruwa, ka goge, ka ɗauraye sosai. Kada omo ko sabulu su taɓa shi. Ka duba kuma ko akwai wani mahaɗin tiyo ko kan famfo na tagulla a cikin kayan, ka cire, shi ma jan ƙarfe ne a jikinsa.

Kafin ka biya, ka sa a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida, a kan wuri mai daidai, da busasshen kwali a ƙasa, ya kwana uku ko huɗu. Ka bi kusurwoyin da yatsa. In silikon ɗin, wato gam ɗin da ke haɗa gilasan, ya yi tauri, ko yana ɓarewa, ko ka ga kumfar iska tsakanin gilashi da gilashi, to sai an sake shi. Zafinmu na nan yana tsufar da shi, musamman tankin da aka ajiye ba ruwa. In za a sake, a sami silikon na tankin kifi. Wanda masu aikin banɗaki ke sawa yawanci akwai maganin fumfuna a ciki, guba ne. Teburin ma ka lura, lita 250 da gilashi da dutse ya haura kilo 300, kuma ruwan gishiri na cinye ƙarfen da ba a yi wa fenti mai kyau ba.

Amma ni abin da ya fi damuna da kai shi ne watan Maris da Afrilu. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26. Da ruwa ya zauna a 30 zai fara fari. Mu kuwa a waje ana haura 40, ga ɗauke wuta. Wallahi ina ganin duk wanda bai da batir da inbata ko sola bai kamata ya sa rai ko ɗaya a ruwan gishiri a arewacin nan ba. Idan injin ya tsaya cikin zafi, iskar da ke cikin ruwan takan ƙare cikin 'yan awoyi, ka dawo daga aiki ka tarar da gawarwaki. Ko ba komai ka sayi ɗan injin iska mai aiki da batir, ba shi da tsada. Fanka da aka saita tana hura saman ruwa takan rage digiri biyu ko uku, kuma da yake iskarmu busasshiya ce tana aiki sosai kafin damina. Ni ina ajiye gorunan ruwa da suka daskare a firji, in zafi ya yi tsanani in jefa ɗaya a rufe. Ka zaɓi ɗakin da rana ba ta dukansa da yamma. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, da sanyin asuba, hita ƙarama za ta yi maka amfani.

Fankar nan tana sa ruwa ƙafewa kullum. Ruwan ne ke tashi, gishirin na nan, don haka da ruwa zalla za ka cike, ba mai gishiri ba. Kuma ba ruwan famfo ba, ba na rijiyar burtsatse ba, sai wanda ya bi ta matatar RO, wadda ke cire ma'adinai daga ruwa. Na san wani zai ce ruwan gora ma ya isa. Ban yarda ba, akwai ma'adinai a ciki da ke taruwa, su cika maka tanki da gansakuka.

Gishiri kuma wanda aka haɗa don tankin teku, irin su Instant Ocean ko Red Sea. Gishirin miya ba ya yi, babu sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Giram 35 a lita ake nema, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishiri. Ka lissafa: cikawar farko kaɗai za ta ci kusan kilo 9, ga canjin kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko mako biyu. Ka tabbatar kana da hanyar samun gishirin kafin ka fara, don daga Duwala zuwa Yawunde, jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan mota zuwa wajenku, ba abin da za a turo maka gobe ba ne. An taɓa kawo shawarar a ɗebo ruwan teku daga Kiribi a jarka. Ni dai ba zan yi ba, nisan ya yi yawa, ruwan bakin gaɓa kuma ba ka san abin da ya shiga cikinsa ba.

Lokacin sa murjani: ka sami sabon busasshen dutse, ka kunna injin, ka jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, ka riƙa aunawa. Mako huɗu zuwa shida yakan ɗauka kafin amoniya da nitirit su koma sifili. Sai ka fara da dodon koɗi biyu ko uku. In sun yi mako biyu suna yawo a gilashi, hankalinka ya kwanta game da jan ƙarfe. Sannan kifi biyu ƙanana, sannan murjani mai laushi. Masu tauri ka bar su sai ka ga yadda tankin ya wuce bazara guda. In aka ba ka zowantus, masu kama da ƙananan furanni, ka sa safar hannu, kada ka taɓa idonka, kada yara su sa hannu, wasunsu na da guba mai tsanani. Fitilar kuma ka tambaye shi ta me ce, in ta kifin ruwan daɗi ce ba za ta riƙe murjani ba, haske mai ƙarfi mai shuɗi yake bukata.

Ka turo mana hoton kusurwoyi huɗun daga ciki, da na ƙasan tankin, da rubutun da ke jikin fitilar. In yana da yaro ko mai gadi da ke kula da tankin, ka ja shi gefe ka tambaye shi ko an taɓa zuba shuɗin magani. Ina da ma'aunin gishiri guda da ba na amfani da shi, in ka yanke shawarar saya ka yi mini magana in ba direban motar Marwa ya kawo maka.