Tambayi Likita: Takin Gargajiya, Ajiyar Wake da Saran Maciji

Tambaya: Likita, ina noman rani a Dadin Kowa, kuma shekara biyu ke nan ban zuba takin zamani ba, sai kashin kaji da na shanu. Shin latas da tumatir ɗin da nake kaiwa Gombe sun kuɓuta daga cutar da masu ci?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka, amma barin takin zamani kaɗai bai isa ba. Ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli, masu haddasa gudawa da amai da zazzaɓi, kuma latas ya fi ba ni tsoro domin yana kwance da ƙasa, ga shi ba a dafa shi. Ka tara takin tsibi guda, ka cakuɗa shi da busasshen ganye da kara, ka yayyafa ruwa, kana juya shi lokaci-lokaci har cikinsa ya ɗauki zafin da hannu ba zai jure ba, wato kusan digiri 55, domin zafin ne ke kashe ƙwayoyin. Za ka san ya nuna idan ya yi baƙi, ya daina wari, ya koma ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. In kuwa ɗanye za ka zuba, ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a bar kwana 120 tsakaninsa da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Na sha ganin ana tsoma latas a magudanar da shanu suka gama shan ruwa don ya yi kyan gani a kasuwa. Wannan tsomawar kaɗai ta rushe wahalar kaka guda.

Tambaya: Ina sayen wake da gyaɗa a hannun manoman Kumo ina ajiyewa. Maƙwabta sun ce in yayyafa Sniper saboda ƙwari.

Amsa: Hajiya, kada ki kuskura. Sinadarin da ke cikinsa, dichlorvos, guba ce mai taɓa jijiyoyi, kuma saboda yawansa a waken Najeriya ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken a 2015. Ki shanya waken har ya yi ƙaras a haƙori, sannan ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki ɗaure kowace leda daban, ƙwarin za su mutu da kansu saboda rashin iska. Gyaɗa kuwa, duk wadda ta yi funfuna ko ta yamutse ki tsince ta ki zubar, kada ta shiga ƙuliƙuli ko abincin kaji, domin gubar aflatoksin da ke cikinta suya ba ta kashe ta, kuma tana jawo ciwon dajin hanta.

Tambaya: Yarana suna taya ni girbi a Billiri, ina tsoron kububuwa.

Amsa: Baba, ka saya musu dogon takalmin roba, kuma kada su cusa hannu ƙarƙashin dami sai sun ɗaga shi da sanda. Idan tsautsayi ya faɗa, ban da ɗauri, ban da tsaga, ban da tsotsa. A hana ƙafar ko hannun da aka sara motsi a garzaya asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo, ko da yaron yana ta hira, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma jinin dasashi kan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana.