Tambaya da Amsa: An yaɗa bidiyo cewa ruwanmu na sa ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin ruwan leda. Wata mata ta ɗora bidiyo a TikTok cewa 'ya'yanta biyu sun kamu da gudawa bayan sun sha ruwanmu. Cikin kwana biyu dillalai sun fara dawo da kaya. Abokai na cewa in kai ta wurin 'yan sanda. Yaya zan yi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba yaran lafiya. Batun 'yan sanda ka ajiye shi. A Satumban 2023 wata mata ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin kamfanin Erisco Foods ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, aka kama ta, sai maganar ta kai kafofin labarai na ƙasashen waje, mutane suka riƙa kiran a ƙaurace wa kayansa. In jama'a suka ga mai kuɗi ya sa an kama uwar da yaranta ke kwance, ba wanda zai tsaya tambayar wa ke da gaskiya.

Yau ɗin nan ka je gidan matar, ko ka aika dattijo mai taushin baki. Dubiya ce, ba a zuwa da lauya. A tambaye ta ranar da ta sayi ruwan, shagon da ta saya, da ko akwai sauran leda. Abin da kake nema shi ne lambar rukuni, wato lambar ledojin da aka yi a lokaci ɗaya, da ranar da aka buga a jikin ledar. Da zarar ka samu, ka dakatar da sayar da wannan rukunin, ka karɓo shi daga dillalai, ka mayar musu da kuɗinsu.

Sai gwaji. A ɗebi ruwa daga bakin rijiyar burtsatse, daga tanki, daga bayan na'urar tace ruwa da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, da kuma cikin ledojin da aka dawo da su. Gwajin ƙwayoyin cuta irin su E. coli yakan ɗauki awa 24 zuwa 48. Ɗiba daga wurare daban-daban shi ke nuna inda ɓarnar ta shiga: rijiya kusa da masai, tankin da aka daɗe ba a wanke ba, ko fitilar UV da ta tsufa. Fitilar nan takan ci gaba da haske alhali ƙarfinta ya ragu, shi ya sa ake sauya ta kusan duk shekara. Ka sanar da NAFDAC da kanka. Ya fi su ji a bakin wani.

Kada ka jira sakamako kafin ka yi magana, don shiru a kwanakin nan biyu jita-jita ce ke cike shi. Ka yi bidiyo na minti ɗaya da Hausa, da fuskarka, a dandalin da maganar ta taso: kun ji ƙorafin, kuna tausaya wa iyalin, kun janye rukuni kaza, za ku fitar da sakamako ranar kaza. Ka cika ranar. Kada ka ce "ruwanmu lafiya yake" ko "aikin maƙiya ne", domin in gwaji ya ƙaryata ka, laifin ya zama biyu. Kai kaɗai za ka yi magana da yawun kamfani, amma direbobi da dillalai su ji bayanin kafin kowa, tunda su masu shaguna ke tambaya.

Asarar janye kaya tana da ciwo, mun sani. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago ta Amurka bayan wani ya sa guba a maganin Tylenol. Kamfanin Johnson & Johnson mai maganin ya janye kusan kwalba miliyan 31, ya yi asarar kimanin dala miliyan 100, ya fito da marfin da ke nuna in an taɓa shi, maganin kuma ya dawo kasuwa.

In sakamako ya fito da tsabta, ka ɗora hoton takardar gwajin yadda take, ka kai wa matar kwafi, ka roƙe ta ta sanar da mabiyanta ba tare da tilas ba. In kuwa an sami matsala, ka faɗi inda take da abin da ka gyara, ka ɗauki kuɗin maganin yaran, kuma kada injin ya sake tashi sai gwaji na biyu ya fito lafiya.