Ki fara da malamai kafin ɗalibai

Malama, kin tambayi yadda za ki shigar da atisayen natsuwa da yoga (motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi) makarantarku ba tare da cin lokacin darasi ba. Malamai za ki fara horarwa, kamar na mako 8, domin malamin da bai saba da abin ba, yara suna ganewa nan take. Binciken MYRIAD da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2022, ya nuna darussan natsuwa ba su fi koyarwar da aka saba amfani ga lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai ba, kuma yawancinsu ba su yi atisayen a gida ba. Malaman ne suka ɗan sami sauƙin gajiyar aiki.

Don haka a gajarta. Minti 3 bayan an dawo daga hutu: kowa ya zauna, tafin ƙafa a ƙasa, ya shaƙi iska yana ƙirga 4, ya fesar yana ƙirga 6. Kada a tilasta rufe ido. Yaron da ya taɓa shiga tashin hankali, rufe ido na iya dawo masa da tsoro. Ya kalli tebur kawai. Kada kuma a mai da atisayen hukunci ga mai surutu, in ba haka ba yaran za su tsane shi.

Yoga kuwa, miƙe jiki a tsaye na minti 10 ya isa, ba bayan cin abinci ba, kuma ban da tsayuwa a kan kai, ƙafafu a sama. Ki rubuta wa iyaye tun farko abin da za a yi, wanda bai yarda ba a ƙyale ɗansa.